Injin casa huɗu da yaron bakin ƙofa: yadda ake raba wa sabobin intanet aiki

Ranar kasuwar da ta wuce wani dattijo ya fi minti arba'in tsaye a gaban shagon POS ɗina, ya sayar da awaki biyu an tura masa kuɗin ta banki, shi kuma kuɗi a hannu yake so ya sayi taki, mun zura kati sau uku abu ya ƙi. Can ya gaji yace min, "Yaro, wai shi netwok ɗin nan kullum ranar kasuwa ina yake tafiya ne?" Nace Baba ai yana nan, don ga wayata sabis cike taf, WhatsApp na shigowa yana fita. To idan sabis na nan me ya tsaya? Wannan tambayar ce ta sa na zauna yin rubutun nan, don mu duk abin da ya ƙi sai muce netwok, alhali sau da yawa saƙonka ya bar ƙauye lafiya lau ya isa inda za shi, can ne ya tarar da layi, ko kuma aka tura shi wajen injin da ya riga ya shaƙe.

Ni inda na fara gane abin nan ba a aji bane, a gidan casar shinkafar kawuna ne a yankin Kura. Wanda ya san wajen lokacin da shinkafar rani ta shigo, wadda ake nomawa da ruwan Tiga, ya san yadda ake cika, ga masu a-kori-kura da buhunan shanshera, ga matan da suka turara tasu suka shanya suka kawo a kwarya da roba, ga 'yan dako, ƙura da ɓuntu har cikin hanci. Injinan kawu huɗu ne, ƙofar shiga ɗaya ce, kuma a bakin ƙofar akwai wani yaro da baya taɓa inji ko kaɗan, aikinsa kawai in kazo da kaya yace maka kai na ɗaya, ke na uku. Ba ya casa ko ƙwaya ɗaya amma ranar da bai zo ba sai an yi faɗa. To shi wannan yaron shi ne abin da masu kwamfuta ke kira lod balansa, ni dai mai rabon aiki zan riƙa ce masa.

Saba kuma kwamfuta ce kawai, wadda ba mai zama a gabanta, tana can cikin wani ɗaki mai sanyi tana jiran buƙata ta bada amsa. Duk sanda ka buɗe shafi, ko ka duba sakamakon jarabawa, ko ka tura kuɗi, buhu ka kawo mata. Kuma duk ƙarfinta tana da iyaka. Mai kamfani na iya sayen ƙatuwa guda ɗaya mai tsada, kamar ace kawu ya sayar da huɗun ya kawo babban inji ɗaya, amma ranar da bel ɗinsa ya tsinke shikenan gari ya tsaya, sannan akwai inda girman ke tsayawa ko nawa gareka. Shi yasa ake jera matsakaita da yawa masu aiki iri ɗaya, goma, ɗari, a manyan kamfanoni dubbai, a sa musu adireshi ɗaya a gaba. Kai dake waje suna ɗaya ka sani, baka san wacce ta amsa maka ba kuma bai kamata ka sani ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce bi da bi. Na farko inji na ɗaya, na biyu inji na biyu, in an kai na huɗu a dawo farko. Babu tunani, babu tambayar kowa, kuma da yawa daga shafukan da muke buɗewa haka suke tafiya. Manhajar rabo mai suna Nginx, wadda Igor Sysoev ya rubuta a Rasha ya sake ta a 2004, idan baka gaya mata komai ba wannan take yi. Amma je ka gwada a gidan casa kaga. Tsohuwa tazo da kwano biyar na tuwon gida, bayanta ɗan kasuwa da buhu talatin, bayansa yarinya da roba ɗaya, bayanta wani buhu ashirin. Yaro ya raba daidai, kowane inji ya samu mutum ɗaya, a lissafi an yi adalci, amma inji na ɗaya da na uku sun gama cikin minti biyar suna ta ƙona gas a banza, na biyu kuwa sai azahar, kuma in zagaye ya dawo duk wanda rabonsa ya faɗa na biyu zai zauna bayan buhu talatin yana kallon wani injin a sake. A intanet ma haka buƙatu suke, wani ɗan hoto kawai yake so, wani rahoton cinikin shekara guda yake so a haɗa masa, daga waje kuma duk buƙata ɗaya ce. Sannan su kansu injinan ba ɗaya bane, na kawu ɗaya sabo ne yana cin ninkin tsofaffin. Wannan kam gyaransa da sauƙi, sai a saka nauyi, ace sabon a bashi biyu duk sanda aka ba sauran ɗaiɗai.

Sai aka ce to yaro ya riƙa ɗaga kai yana dubawa mana, wanda layinsa ya fi gajarta can zai tura. A kwamfuta mai rabo yana riƙe da lissafin buƙatu nawa ya tura wa kowace saba da bata amsa ba tukuna, wadda nata ya fi kaɗan ita ke karɓar na gaba. Wannan ya fi bi da bi nesa ba kusa ba idan ayyuka sun bambanta, don injin da buhu talatin ya danne ba wanda za a ƙara masa sai ya numfasa. Amma yana da wani rami da sai ka gani da idonka zaka yarda. Wata rana rariyar inji na uku ta yage, shinkafa na shiga tana fita kusan yadda ta shiga, rabi da ɓawonta, kuma da yake baya casa da gaske sai ya zama ya fi kowa sauri. Layinsa kullum fayau. Yaro kuma abin da aka koya masa kenan, inda babu layi, sai yayi ta tura mutane can, kafin ofireta ya lura kusan rabin mutanen safiyar nan ta lalataccen injin suka bi. Wlh ranar kawu har hularsa ya cire. Saba ma idan ta lalace ta yadda take mayar da amsar kuskure nan take, a idon mai rabo ita ce gwarzuwa, ta gama nata tana neman ƙari, sai ta zuƙe kaso mai yawa na masu shigowa ta watsar. Shi yasa masu hankali ke sa mai rabo ya ƙirga kuskure a matsayin nauyi, ba saurin amsa kaɗai ba har da irin amsar.

Nan ne maganar duba lafiya ta shigo. Mai rabo yana ƙwanƙwasa wa kowace saba lokaci lokaci, kina nan? HAProxy, wata manhajar rabo da Bafaranshe Willy Tarreau ya fara a farkon shekarun 2000, idan ka kunna mata dubawa ka bar ta yadda tazo, duk daƙiƙa 2 take tambaya, saba ta kasa amsawa sau 3 a jere a cire ta daga layi, sai ta amsa sau 2 a jere a maido ta. Dalilin jira har sau uku shi ne kar ace daga inji yayi tari ɗaya an kore masa mutane. Amma kaga a cikin waɗannan daƙiƙu shidan duk wanda aka tura can ya faɗa rami, kuma idan shafi ne mai cunkoso mutane ne masu yawa. Sannan me ake tambaya? Idan tambayar kawai ita ce inji na ƙara, ai mai yagaggiyar rariya ma yana ƙara. Dubawa ta gaskiya sai an ɗebi abin dake fitowa a tafin hannu an hura an gani. Akwai kuma ladabin cire inji da gangan, in za a canja mai ko a sa sabuwar manhaja, ba kashewa ake yi da kayan mutane a ciki ba, sai a daina tura sabo a bari na ciki ya gama fita. In an tayar da shi kuma ba a danƙara masa buhu talatin nan take, kaɗan kaɗan har ya ɗau zafi.

Yanzu ga lissafin da nake so duk mai sana'ar layi ya sani, ko mai casa ne ko mai chajin waya. Tun 1909 wani ɗan ƙasar Danmak mai suna Erlang, da yake aiki a kamfanin tarho na babban birninsu, ya fara lissafin layi don ya san wayoyi nawa za a ja tsakanin unguwanni, kuma ilimin da ya taso daga nan har yau shi ake amfani da shi. A misali mafi sauƙi, inji ɗaya, mutane na zuwa ba tsari, aikin kowa a matsakaici minti 10 ne. Idan injin rabin lokacinsa yake aiki, daga zuwanka zuwa tafiyarka a matsakaici minti 20. Idan kashi 80 cikin ɗari yake aiki, minti 50. Kashi 90, minti 100. Kaga daga 80 zuwa 90 ƙarin aikin ɗan kaɗan ne amma jira ya ninka, don jira baya hawa a hankali kamar tudu, can kusa da cika miƙewa yake yi kamar katanga. Shi yasa shafi zai yi wata shida lafiya, ranar da aka saki sakamako ko ranar biyan albashi ya durƙushe, mutane suce ai jiya ma lafiya yake. Eh jiya yana 70, yau yana 97.

Ƙara wannan a kai. Inji huɗu kowanne na aiki kashi 80, jimla 320. Ɗaya ya mutu, mai rabo yayi aikinsa tsaf ya raba wa ukun, kowanne ya samu kusan 107. Ba injin da ke iya 107. Sai na biyu yayi zafi ya tsaya, saura biyu kowanne da 160, daga nan kuma ba sai na ƙarasa ba. Abin haushin shi ne mai rabon da aka kawo don ya ceci gida shi ne da hannunsa yake ɗaukar kayan mamaci yana ɗora wa na gaba har kowa ya faɗi. Maganinsa biyu ne kuma duk masu ɗaci, ko ka ajiye ƙarfi a banza wanda kana biyan kuɗinsa baka ci, ko kuma in an cika yaro ya tsaya a ƙofa yace yau kam a dawo gobe. Na taɓa ce wa kawu, Kawu me yasa kake barin na huɗu a kashe ga mutane na jira, ai asara ce. Yace, "Ɗan nan, wanda ka gani a kashe shi ne ke riƙe da sauran." Lokacin ban gane ba, na ɗauka tsumulmular gas ce kawai, kuma gaskiya akwai ta a ciki.

Wannan ta gas ɗin ma bari in ɗan ratse. A tashar mota akasin rabo ake yi, 'yan kamasho basa raba fasinja goma a motoci biyar, sai ta kan layi ta cika ta tashi sannan ta baya ta matso. Masu sabobi ma suna yin haka wani lokacin, da tsakar dare in aiki ya ragu sai a tattara shi a kan 'yan kaɗan a kashe sauran don wuta da kuɗin haya, da safe a sake tayar da su. Ke nan rarraba aiki ko'ina ba farilla bane, ya danganta ko jira kake gudu ko kuɗin mai.

To yanzu inda abin ya fi min daɗi. Duk abin da na faɗa a baya na ɗauka yaro ɗaya ne kuma yana ganin injinan da idonsa. A babban shafi ba haka bane, masu rabon kansu da yawa ne, kowa na tsaye a tasa ƙofar, kuma ba mai ganin layin gaba ɗaya, labari ake kawo musu. Ka ɗauka gidan casa ne mai inji ɗari da ƙofa goma, duk minti biyar wani ya zagaya ya rubuta a allo wane inji ne ya fi sauƙin layi. An rubuta na 17 babu kowa. Me zai faru? Yara goman nan duk sun karanta allo ɗaya, duk zasu tura nasu na 17, cikin minti biyar ɗin kafin a sake rubutu na 17 ya zama ya fi kowa cunkoso, sai allo yace yanzu na 42 ne, sai garke ya kwasa can. Kamar yadda ake mana da tumatir, a ji yayi tsada bara kowa ya shuka bana, a zo ana zubarwa a bakin titi. Kowa yayi abin da ya dace da labarin da ya samu, labarin ne ya kwana. Har ta kai in labarin ya tsufa sosai gara ma yaro ya rufe ido ya nuna kowane inji da ka, don aƙalla ba za su taru waje ɗaya ba.

Amma da ka ɗin ma yana da nasa, sa'a bata rabo daidai, wani injin zai tara biyar wani babu ko ɗaya. Sai ga wata dabara da in ka ji zaka ce wasa ne. Kar ka duba duka, kar kuma ka rufe ido gaba ɗaya, ɗauki biyu da ka, ka duba wanne ya fi sauƙi a cikin biyun, ka tura can. Shikenan. Wasu masana lissafi huɗu ne suka tabbatar da ƙarfin abin a 1994, sannan Michael Mitzenmacher ya faɗaɗa shi a kundin digirinsa na uku a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1996. Ga yadda bambancin yake, in ka watsa ayyuka miliyan ɗaya a kan injina miliyan ɗaya da ka, wanda ya fi kowa rashin sa'a zai tashi da wajen 9. In ka bi ta zaɓi biyu, mafi nauyi 4 ne. In ka ƙara wahala ka duba uku, 3. Kaga babban tsallen yana tsakanin ɗaya da biyu, na ukun ɗan ƙari ne kawai. Kuma garke baya taruwa, tunda biyun da yaron ƙofar gabas ya ɗauka ba su ne na yaron ƙofar yamma ba, sannan injin da ya fi kowa cunkoso a gidan kusan ba zai sami ƙari ba sam, don duk wanda aka haɗa shi da shi ya fi shi sauƙi. Yau Nginx da HAProxy duk suna da wannan zaɓin. A ganina wannan ce cibiyar maganar duka, mai rabo kullum da guntun labari yake aiki kuma tsohon labari, gwanintar ita ce ka gina tsarin da baya buƙatar sanin komai, maimakon kayi ta ƙoƙarin sanin komai kana makara.

Sai matsalar mai dawowa. Mace ta kawo buhu biyu, an casa ɗaya a inji na biyu, ofiretan can shi ya san nawa ta biya, shi ya ajiye mata dusarta a gefe, ta je sallah ta dawo yaro ya tura ta na huɗu, can kuma ba wanda ya santa. Wannan shi ne in kana cike fom a intanet ka kai shafi na uku sai a watso ka waje ace sake shiga, sau da yawa sabar da ta sanka daban wadda aka kai ka yanzu daban. Gyaran gaggawa shi ne a liƙa maka alama a burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafi da ita, mai cewa kai na saba kaza ne, ko a ɗauki lambar adireshinka na intanet a yi mata wani lissafi da kullum zai fitar da saba ɗaya. Na biyun nan yana cutar irinmu, don kamfanonin waya basu da adireshin da zai ishi kowa, tsohon tsarin adireshi gaba ɗayansa wajen biliyan 4.3 ne a duniya, sai su fitar da mutane masu ɗimbin yawa ta adireshi ɗaya. Mai rabo yana ganin mutum ɗaya ne, ashe rabin ƙaramar hukuma ne, duk ya jibge su a kan saba ɗaya.

Shi lissafin ma da tarkonsa. Ace ka ba kowa lamba, ka raba da 4, abin da ya rage shi ne injinsa. Lafiya lau har ranar da ka sayo na biyar. Yanzu da 5 ake rabawa, ɗauki biro ka gwada daga 0 zuwa 19, huɗu ne kacal zasu tsaya inda suke, sha shida sun canja inji, kashi 80 kenan sun koma inda ba a sansu ba saboda ƙarin inji ɗaya. A 1997 David Karger da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da hanyar da ake jera injina da mutane a kan da'ira ɗaya kamar fuskar agogo, kowa ya bi injin dake gabansa, in sabo ya shigo na kusa da shi kawai yake ɗiba, wajen kashi ɗaya cikin biyar, sauran ko motsi. Cikin waɗanda suka yi aikin nan har da waɗanda suka kafa kamfanin Akamai, mai taimaka wa shafuka isar da kayansu ga masu buɗewa, a 1998. Amma ni in ka tambaye ni, inda zai yiwu gara a cire littafin daga hannun ofireta a ajiye shi a tebur ɗaya a tsakiya, kowane inji ya duba can, sai ya zama duk inda aka tura ka an sanka, inji ya mutu ma bai tafi da lissafinka ba. Kawu daga baya haka yayi, rasit ɗaya daga teburin ƙofa.

Akwai bambancin mai rabon da baya kwance buhu da mai kwancewa, ba zan daɗe a nan ba. Na farko adireshi kawai yake gani ya wuce da kaya, yana da sauri ƙwarai, irin wanda Wensong Zhang ya fara wa Linux, babbar manhajar dake tafiyar da sabobi da yawa, a ƙasar Sin a 1998. Na biyu sai ya buɗe yaga shinkafa ce ko masara, hoto ake nema ko biyan kuɗi, ya tura kowanne wajen masu iya shi, ya fi wayo ya kuma fi cin ƙarfi. Manya sukan jera su ne, marar kwancewa a gaba masu kwancewa a bayansa.

To shi yaron ƙofar in ya faɗi fa? Ai an koma gidan jiya, inji ɗari lafiya ba mai shiga. Shi yasa ake ajiye na biyu a gefensa suna jin numfashin juna, ɗaya yayi shiru ɗayan ya ɗauki adireshin. Sama da nan kuma akwai DNS, littafin da ke juya sunan shafi zuwa lamba, shi ma yana iya ba ni lamba daban ya baka daban, sai dai wayoyi na riƙe tsohuwar amsa na ɗan lokaci don haka baya saurin kauce wa matacce. Akwai ma dabarar da wurare da yawa a duniya ke amsa lamba ɗaya, hanyoyin intanet su kai ka mafi kusa, irin 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare. Duk da haka ana faɗuwa. Ranar 4 ga Oktoba 2021, daga bayan la'asar har wajen sha ɗayan dare a agogonmu, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, mu nan har kashe waya muka riƙa yi muna kunnawa muna zagin sabis. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne wani umarni lokacin gyara ya yanke hanyoyin dake haɗa cibiyoyinsu, su kuma sabobinsu na DNS an gina su ne in suka ga basa iya kaiwa ga cibiyoyin su ɗauka su ne marasa lafiya su janye kansu. Dabara ce mai kyau in ɗaya ne ya samu matsala. Ranar duk suka ga haka lokaci ɗaya, duk suka janye, sabobi na nan da ransu amma duniya ta rasa ƙofar.

Mu kanmu kuma muna cikin lissafin, wannan ne bamu cika sani ba. In abu ya ƙi me muke yi? Dannawa, a sake dannawa, a sake. Kowace dannawa sabon buhu ne a layi, na farkon ma bai fita ba, sai gidan da ke fama da 107 ya wayi gari da ninkinsa daga mutanen nan dai. Wanda yayi POS a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da kowa ya koma tiransifa rana ɗaya, ya san wannan a jikinsa. Manhajojin da aka rubuta da kyau in sun sake gwadawa suna ja baya ne, daƙiƙa ɗaya, biyu, huɗu, takwas, kuma kowacce ta ɗan saɓa lokacinta da ka don kar su dawo tare kamar an buga ƙararrawa. Lambobin nan da kake gani a farin shafi ma yawanci bakin yaron ƙofa ne, wani lokacin har zaka ga an rubuta nginx a ƙasa. 502 yana cewa na tura amma abin da injin ya maido min ba amsa bace. 503 yana cewa yanzu ba mai iya karɓarka. 504 kuma na tura na jira har na gaji. Wannan na ƙarshen shi ya fi haɗari a harkar kuɗi, don gajiyar mai rabo bata nufin injin bai yi aikin ba, yana iya gamawa bayan an ce maka ya ƙi, shi ne zaka ga an cire kuɗi rasit yace bai yi ba.

Shi yasa ranar da dattijon nan yace in sake zurawa karo na huɗu nace Baba a'a, mu bari tukuna, na jawo masa benci na sa aka kawo masa ruwa. Yana zaune yana min labarin yadda taki ya tashi, wayarsa tayi ƙara, alat ne na gwaji na biyu, an cire. Da mun yi ta dannawa da yanzu muna maganar cike fom a banki a cikin birni da kuɗin mota zuwa da dawowa. Muka jira har injina ya nuna kuɗin sun shigo, wajen minti ashirin, na ƙirga masa, ya sake ƙirgawa da kansa sau biyu ya cusa a aljihun 'yar ciki ya nufi layin masu taki.